Tazugena a Ƙafar Shamuwa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka gyara ganuwar Gaya saboda mahara ba, don a cikinta na zubar da mutuncina da hannuna.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsamiya da shamuwa ke sheƙa a kanta. Su zo gab da saukar ruwa, su tafi da kaka. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: waɗanda suka tafi ne ke dawowa, ko wasu ne daban? In su ne, wa ke nuna musu hanya? Na tambayi dattawan dandali, mutanen da ba su taɓa wuce Kademi ba amma sun san labarin bangon duniya. Wani ya ce Makka suke zuwa. Wani ya ce aljanu ke yi musu jagora. Na dube su, na ce a raina, kai, jahilci bai yi ba.

Sai na yanke shawarar gwadawa. Da rana tsaka, kowa yana gona, na hau tsamiyar (abin da ko yaro ya san ba a yi, shamuwa ba a taɓa ta). Na kama wani ɗa da ya kusa tashi, na laluba ban sami abin ɗauri ba, sai na yanki rabin tazugen wandona, ja da fari, wanda matata Hajo ta kitsa mini. Na ɗaure masa a ƙafa. Ragowar da ƙyar take zagaye ƙuguna, haka na yi ta lallaɓa ta.

Shekara ta zagayo, shamuwa suka sauka, ga ɗaya da jan zare a ƙafa! Na kusa yin rawa. Na riga kowa a Gaya sani, har na fara tsara yadda zan kwance wa dattawan nan zani a kasuwa.

Matsalar ita ce ruwa ya ƙi sauka. Hadari ya haɗu ya watse, irin da aka binne ya fara ƙonewa. Masana na dandali suka hango zaren, nan take suka gano komai: an ɗaure ruwa. Wa zai ɗaure? Baba Tanko magini mana, tunda shi ne ba ya so ruwa ya lalata masa ɗanyen gini. Aka jawo tsohon nan gindin tsamiya, hannunsa duk laka, mai unguwa ya ce ya kwance ko ya bar gari.

"Wallahi ban san komai ba," in ji shi. "Ni da ko katanga zan hau sai an riƙe mini tsani?"

Tausayinsa ya kama ni, amma ba har in faɗi gaskiya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari in hau in ciro."

Aka yi ta sa mini albarka. Na hau kamar jarumi. Na miƙa hannu ke nan, tsuntsun ya kai mini sara, na zabura, na riƙe reshe da hannu biyu. Guntun tazugen da na shekara ina lallashi ya zaɓi wannan lokacin ya saki. Wando ya sauka a hankali, ya sauka a gaban mai unguwa. Surukina yana wurin.

Mai unguwa ya ɗaga shi da bakin sanda, ja da fari na reto. Daga bayan zana na ji muryar Hajo: "Af! Ashe nan rabin ya tafi? Ka ce mini ɓera ne!"

Ina lilo na fara bayani: "Jama'a, ku lura, wannan ya nuna tsuntsun bara ne ya dawo..."

"Sauko, Malam," in ji surukina, kansa a ƙasa. "A'a, tsaya. A miƙa masa wandon tukuna."

Aka ba Baba Tanko haƙuri. Da la'asar, bayan wani ya hau ya tsinke zaren, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, dattawa suka yi ta gyaɗa kai, magana ta tabbata.

Har yau ban san yadda shamuwa ke gane hanya ba, kuma a Gaya sunana Mai Tazuge. Abin da na koya ɗaya ne: in za ka binciki halittar Allah, ka zo da igiyarka daga gida.