Rigar Matsorata

"Lafiya lau, tsoho. Ashe kana nan? Ni na ɗauka sanyin bana ya tafi da kai."

"Ina nan daram, amarya. Ina zan je in bar ki ga samarin garin Whakatane masu ƙafa kamar sillen kara?"

Da haka Ripeka ta hau barandar kakanta, Koro Eruera, tana jan wata ƙatuwar jaka. Tsohon yana zaune da bargo a gwiwa, shayinsa ya huce a gefe bai sha ba. Tun tana 'yar mitsitsiya suke wannan wasa, shi ya ce matarsa ce, ita ta ce ta fi ƙarfin miji mai dogara sanda. Amma bana wasan ya yi sanyi. Bara war haka aka sauko da mahaifinta Paora daga kan dutse a naɗe: wani baƙon maharbi ya ga motsi cikin duhuwa, ya zaci barewa ce, ya sakar masa harsashi.

Yanzu ana shirin taron buɗe dutsen da aka kafa a kan kabarin Paora, kamar yadda ake yi in mamaci ya shekara, dangi za su zo daga ko'ina, kuma a kwarin Waimana ba a taɓa yi wa ɗan gidansu taro da naman kanti ba. Paora ne mai kawo nama, ba shi da ɗa sai ita. Don haka ta ɗauki hutu daga asibitin da take aikin jinya, ta yi karatun riƙe bindiga har ta samu izini, ta roƙi kawunta Hirini ya raka ta dawa. Abu ɗaya ya rage mata, bindigar mahaifinta. Tana kulle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Koro, mabuɗin kuwa yana rataye a wuyansa.

Ta zazzage jakar a gabansa. Koro ya sa sanda ya zunguri sababbin takalman, ya ce da irin ƙarar da za su yi, barewar da ke can garin Opotiki ma za ta ji tahowarta ta kwashe 'ya'yanta.

"Kai da wane takalmi ka yi naka farautar?"

"Da ƙafar da Allah ya ba ni."

"Ai dole. Lokacin da kuka sauko daga jirgin Nuhu ba a ƙirƙiro takalmi ba."

Ya ɗauki wuƙar ya shafa bakinta da babban yatsa, ya ce ko dafaffen dankali sai ta roƙe shi kafin ya tsage. Rigar ruwan kuma ya ce tanti ce, a kafa ta ranar taro ta ɗauke rabin baƙi. Ta nuna masa fitilar goshi da igiya da ashana a cikin gwangwani, da wani ɗan abu kamar sabulu wanda in ta ɓata ta danna, jirgi mai saukar ungulu zai zo ya ɗauke ta.

"A zamaninmu in mutum ya ɓata, bukka yake kafawa a wurin ya nemi aure," in ji Koro. "Wannan duk kayan 'yan koyo ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana, tsoho."

"Karen bana da ya ga zomo sai ya tsaya ɗaukar hotonsa."

Da ta ɗago ƙahon da ake busawa a kwaikwayi rurin namijin barewa, sai ya yi tsaki ya ce shi da maƙogwaronsa yake yi. Ya rantse wata shekara ya yi ruri ɗaya a kan tudu, matan barewa suka biyo shi har gida, sai da kakarta ta kore su da tsintsiya. Ripeka ta ce ai marigayiyar ta ba ta labarin, ba ruri ba ne, barci ya kwashe shi a gindin itace, minsharinsa ne ya tara su. Leɓen tsohon ya motsa kamar zai yi dariya, amma ba ta fito ba.

Ta zauna a kan dakali kusa da ƙafarsa. Can bayan rafi, daga cikin tsaunuka, wani namijin barewa ya yi ruri mai tsawo, suka saurare shi har ya gama.

"Koro, mabuɗin."

Ya ce ya ɓata. Ta ce tana ganin igiyarsa a wuyansa. Ya ce wannan na akwatin sadakinta ne. Ta ce to ya biya yau, ta gaji da zaman jira. Sai ya kau da kai wajen rafin, muryarsa ta sauka, ya ce a je gonar maƙwabta a sayi tumaki, wanda ke kwance a ƙasa ba ya tambayar naman me aka dafa.

Ripeka ta jawo jakar. Ta sa hannu a wani aljihu da ke ƙasanta ta zaro abin da ta ɓoye tun da farko, wata riga marar hannu mai ruwan lemo, irin wadda ake hangowa tun daga nesa. Ta shimfiɗa ta a kan bargonsa.

Duk kwarin an san sunan da Eruera ya raɗa wa irin wannan riga. Shekara da shekaru yana yi wa masu sa ta ba'a, yaran da suka tashi a gabansa kuma suka ɗauka. Ran da aka harbi Paora, rigar da ke jikinsa launin ƙasa ce.

Tsohon ya daɗe yana kallon rigar. Ya kai hannu kanta, ya shafa, ya janye.

"Kin san abin da nake kiran wannan."

"Na sani. Rigar matsorata."

"Da ubanki matsoraci ne…" Bai ƙarasa ba. Ya ja gefen bargo ya goge fuska, ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Sannan ya ce, "Dawa ta ci mini ɗaya, Ripeka. Ba zan miƙa mata na biyu da hannuna ba."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. Ta riƙe hannunsa, ta gaya masa cewa mahaifinta ya yi mata alkawarin bana zai kai ta farauta, ya koya mata bin sawu da karanta iska tun tana makaranta, harbin ne kawai bai kai ga nuna mata ba. Ta ce ba za ta rabu da Kawu Hirini ko taku ɗaya ba, kuma ba za ta ɗora yatsa a kunamar bindiga ba sai ta ga dabba tun daga kai har wutsiya.

"Kullum Baba ne yake ciyar da taron mutane," in ji ta. "Nasa taron guda ɗaya ne, Koro. Ka bar ni in ciyar masa."

Har ta fara fid da rai. Can tsohon ya ce ta sa rigar. Ta sa. Ya ce ta sauka ta tafi har bakin shinge, wajen itatuwan nan masu duhu. Ta bi ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta shiga inuwar itatuwan ta tsaya. Idon Koro ya daɗe da dushewa, shingen ma ba ya ganinsa. Amma ga ta can, tana ci kamar garwashi.

Da ta dawo ta tarar ya cire igiyar daga wuyansa.

"Kabewa," ya ce. "Na auri kabewa da ƙafafu. Ko ni makaho ina ganinki."

"Kabewar da ta fi ƙarfin tukunyarka."

Ya danƙa mata mabuɗin, bai saki hannunta da wuri ba. Ya ce ko wanka za ta yi a rafi kada ta tuɓe rigar nan, kuma ta saya wa Hirini tasa, in ya ƙi sawa ta ce Eruera ne ya ce.

"In kuma kika dawo mini hannu rabbana, na sake ki."

"In na dawo da naman fa, da wane haƙorin za ka tauna?"

A nan dariyar ta ƙwace masa, ta fito da tari da hawaye gaba ɗaya, har sai da ta bubbuga masa baya.

"Kin ci, amarya," ya ce. "Ke dai ki dawo. Romo ma ya ishe ni."