Kabad Ɗin Da Aka Auna Da Silifas Ɗin Kaka

"Lafiya lau, sai dai mijin nawa ne ya shigo ba ko ledar cefane," in ji Kaka, tana leƙen bayan jikanta. "Wannan dogon abin fa? Makarata ka ƙera tun ina numfashi?"

Jikan nan nata kafinta ne sabon yaye, ita ke kiransa Tsinke. A tsakar gidanta ya haɗa kabad ɗin takalma mai neman taɓo rufi, aikin farko da wani ya yarda ya ba shi. Mai kayan, wani ƙaton direba, da yamma zai zo ɗauka, kuma alkawari shi ne zai ci takalmi ƙafa talatin. Yau Tsinke ya gwada saka sau-ciki na maza, murfi ya ƙi rufuwa. Duk da haka bakinsa bai mutu ba.

"Ke kika ja min, tsohuwa. Da silifas ɗinki na auna zurfin."

"Da nawa? Don me?"

"Shi na tarar a bakin ƙofa. Ina na san ƙafarki ta 'yar tsana ce?"

"Ƙafar nan kakanka ya yi wa zarya har takalminsa ya tsinke! Kai ka ɗauko awon kurciya za ka ɗinka wa jimina riga. Sauri ya haifi nawa."

"Naki zai ci ƙafa hamsin, har da ke a hawan sama."

"Saka ni. Daga can zan fi jin daɗin kallon direba yana ninke ka kamar tabarma."

Tsinke ya yi dariyar yaƙe, ya zauna bisa turmi. In aikin nan ya dawo, babu mai sake ba shi ko gyaran kujera. Kaka ta lura. Ta shige ɗaki, aka ji jan akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani baƙin takalmi zabgege yana sheƙi.

"Ga na mijina na gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kullum sai na goge."

"Wannan ai kwalekwale ne!"

"Rufe min baki, ɗan kwaikwayon miji."

Ta jingina shi a bango, hanci sama, dunduniya ƙasa, yadda ta saba ajiye masa. Tsinke ya ƙura ido, sai ya zabura ya ɗauko guduma. Ya kwance katakan da ake jera takalma a kai, ya mayar da su a karkace. Tsawon kabad ya cece shi, hawa ko ɗaya bai salwanta ba. Ya ɗora takalmin marigayin, ya tura murfi, ƙyas!

"Ƙafa talatin cif! Kin ga basira?"

"Basirar wa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kabad ba zai gani ba."

"To na sallama, amarya. Tsohuwar zuma da ke ake magani."

Ya miƙa mata takalmin. Ba ta karɓa ba.

"Zura mu gani."

Ya zura. Ya zauna masa ɗas, kamar don shi aka yi. Kaka ta daɗe tana kallon ƙafafun nan, kewar mijinta ta taso mata, sai ta share ido da bakin zane, ta tuntsire da dariya.

"Tafi da shi, ɓarawo. Ƙafar ka kwaso masa kaf, hankalin ne ka bari a ƙarƙashin gado."