Hular da Na Ƙara wa Jiki

Ba zan taɓa mantawa da daminar da muka yi wa Yahudawa ɗinkin hula ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Mutanen garinmu ne ba sa bari. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru, domin ni ba na son labari a hargitse.

Da farko dai, ni ne shugaban ƙungiyar masu ɗinkin hula da saƙar faifai a ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta. Karatun bokona bai wuce firamare ba, amma tun ina yaro nake riƙe da allura, kuma an san ni da abu ɗaya: aikin da bai cika ba, ba ya wucewa ta hannuna. Na sha mayar wa mutane hula a warware saboda zare ɗaya ya karkace. (Har matata na taɓa mayar wa. Miyar gidan ta daɗe ba ta ga gishiri ba.)

Sai kuma Hajiya Falmata. Iyayenta mutanen Barno ne, amma a unguwar Bacirawa ta Kano take zaune, kuma ita ce ta haɗa mu da masu sayen kayan hannu daga ƙasashen waje ta hanyar da suke kira cinikin adalci. Ma'anarsa, babu dillali a tsakani, ana yanke farashi tun kafin a zura zare, ana ba da wani abu a gaba, kuma ba a cire yaro daga makaranta don ya yi aikin. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa da hularsa mai saye yana juya ta kamar sato ta aka yi, ya san darajar wannan. Mata da yawa a garinmu da kuɗin cinikin nan suke sayen taki.

A daminar da nake magana, Hajiya ta ce wani dattijo Bayahude mai shago a Turai yana son kayan bikin sabuwar shekararsu, wadda takan faɗo wajen girbin gero. Yana son faifai da za a ɗora tuffa da zuma, da ƙyallen rufe burodi mai zanen rumman, da kuma huluna masu yawa. Idan aikin ya yi kyau kuma ya isa kafin bikin, zai riƙa saye duk shekara. Idan ya makara, shi ke nan, domin ba a ɗage biki saboda mu. Na je wurin Liman na tambaya, ya ce sana'a ce da ciniki, mu riƙe amana kawai. Na dawo na raba aiki.

A makon ne aka yi wa Hajiya rasuwa a Maiduguri. Ta ba direban motar Kano samfurin hular ya kawo mini, sannan ta kira ni a waya.

"Malam, ku yi irinta daidai. Kada a ƙara, kada a rage."

"Hajiya, ni kike gaya wa daidai?" na ce. "Ki je ki yi zaman makokinki. Allah ya jiƙan rai."

Da na buɗe ƙunshin, sai na ga wani ɗan abu zagayayye, faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, ya ɗan lanƙwasa kamar murfin ƙaramin kwano. Na juya shi, na sake juyawa. Duk wanda ya san aikinmu ya san hula kashi biyu ce: akwai samanta, akwai jikinta, ana ɗinka kowanne daban sannan a haɗa. Abin da ke hannuna sama ne kawai. Sai na zauna na yi tunani a tsare, kamar yadda na saba. Na farko, Hajiya tana cikin ruɗanin rasuwa, ta manta jikin a gida. Na biyu, ƙanƙantar saman ta nuna hular yara ce. Na uku, wannan ya yi daidai da hankali, domin biki ne, kuma a ko'ina a duniya yara ake fara yi wa kayan Sallah. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Da na tara masu aiki na ce za mu ɗinka wa kowacce jiki, mutum ɗaya ne ya yi magana, Ɗanlami, taubashina, wanda bai taɓa ganin na yi abu ya bar shi ya wuce ba.

"Shugaba, ka kira matar nan mana ka tambaye ta."

"Tana zaman makoki."

"Masu makoki ma suna ɗaga waya. Ko dai tsoro kake kada a ji ka ce ba ka sani ba?"

"Ka riƙe allurarka," na ce. "Ba za a fitar da rabin hula daga garin nan da sunana ba."

Haka muka shiga aiki a tsakiyar noma. Mutum ya wuni a sunkuye a gona, ya dawo da la'asar bayansa na ciwo, ya sake sunkuyawa a kan zare. Mata suna ɗinki goyo na kuka. Jikin hula ya fi samanta cin aiki nesa ba kusa ba, kuma ni na zaɓi zane mai wuya, don Turawa su san ba da wasa muke ba. Na bi gida-gida ina dubawa, ina mayar da wadda ta karkace. Da aka haɗa, aka wanke, aka sa sitaci, sai ga su jere a kan tabarma, tsaye ƙyam, kowacce kamar gwangwanin madara da aka yi wa kwalliya.

Hajiya ta dawo ranar da za a kwashi kayan. Tun daga mota ta ce dattijon yana jira a waya, yana son ya gaisa da masu aikin fuska da fuska. Ni kuwa na rufe hulunan da zane don in ba ta mamaki. Jama'a sun taru a gindin darbejiyar ƙofar gidana, har da Liman. Ta ɗaga wayar, ga dattijo nan mai farin gemu da tabarau. Aka nuna masa faifai, ya yaba. Aka nuna ƙyallen burodi, ya dafa ƙirji. Sai na gyara murya na ce wa Hajiya ta fassara, kada ta rage komai.

Na ce, na farko muna godiya. Na biyu, an yi ɗan kuskure wajen aiko da samfuri, amma ba ma zargin kowa. Na uku, mun gyara kuskuren da kanmu, kuma ba za mu nemi ƙarin komai ba. Sannan na yaye zanen.

Hajiya ba ta fassara na ukun ba. Ta tsaya tana kallon tabarmar. Dattijon ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. Can sai ya juya mana ƙeya a hankali, ya sunkuyar da kai. A tsakiyar kansa, maƙale da ɗan ƙarfen gashi, ga abin nan zaune. Saman hula, shi kaɗai, a kan dattijon da ya girme ni. Ya juyo ya faɗi wata magana yana murmushi.

"Me ya ce?" na tambaya, ko da yake ba na son ji.

"Ya ce bai taɓa ganin ɗinki mai kyau haka ba," in ji Hajiya. "Yana tambaya, kan wa aka auna?"

Babu wanda ya yi dariya da farko, kuma hakan ya fi ciwo. Sai Ɗanlami ya ɗauki ɗaya, ya cire tasa hular, ya ɗora ta a ƙoƙon kansa, ya ce, "Shugaba, akwai na huɗu?" A nan ne har Liman ma ya rufe baki da hannun riga.

Hajiya ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hular ibadarsu ce, haka take, cikakkiya ce, manyansu da yaransu ita suke sawa. Ta ce, "Malam, aikin matan nan ka jefa cikin haɗari, ba naka ba. Da ka kira ni, magana ɗaya ce." Ta roƙi dattijon ya ba mu 'yan kwanaki, ya yarda, amma ya ce jirgin da zai ɗauki kayan ba zai jira ba.

Abin da ya cece mu shi ne saman hulunan daidai suke da samfurin. Sai dai a farke haɗin, a cire jikin, a sake naɗe bakin kowacce. Na bi gidajen nan da na riƙa mayar wa aiki, ina sallama daga zaure, ina roƙo a warware abin da ni na tilasta a ɗinka. Gero ya nuna a gona, tsuntsaye na ci, mu muna zaune da reza. Wata tsohuwa, Inna Hassi, ta miƙo mini nata ta bayan labule ta ce, "Ka duba da kyau, Malam, ko warwarar ma ta karkace."

Kayan sun isa kafin bikin, da ƙyar. Dattijon ya ci gaba da saye, amma tun daga lokacin Hajiya ba ta ƙara aiko da samfuri ta hannuna ni kaɗai ba. A gaban kowa ake buɗewa. Na nemi in sauka daga shugabanci, suka ƙi. Ɗanlami ya ce idan na sauka ba su da wanda za su riƙa tsokana a taro. Jikin hulunan kuwa suna nan cikin buhu a ɗakina. Babu kan da suke shiga, ko na jariri.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma na saye shi da tsada. Idan abu ya zo mini yanzu na ga kamar bai ƙare ba, nakan tambayi mai shi kafin in ƙarasa masa. Tambayar tana yi mini nauyi har yau, amma ta fi yawon zaure da reza sauƙi.