Mussata da Farar Shaddar Alhaji

Ko zan manta komai na harkar dillancin mota, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Bunguɗu ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, kowa a Gusau so yake a gan shi cikin mota, ni kuma ina ɗauko su daga Kwatano ina sayarwa. An san ni da abu ɗaya: motar da ta fito daga hannuna, ko gyaɗa ba a ci a cikinta.

Ina da kyanwa, mussa kamar yadda muke cewa a nan. A Bilbis na tsince ta tana 'yar mitsitsiya, ta girma a shagona, tana kwana kan tabarmata. In zan yi tafiya sai in kai ta wurin Innata a Tsafe.

A wannan karon na dawo da wata mota ruwan toka mai kujerun karan-miski, kuma na sami mai saye, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi a Bunguɗu. Sharaɗinsa shi ne in zo ranar ɗaurin auren ɗansa in kai shi masallaci a cikinta. In ta yi masa, a nan za mu ƙulla.

Ranar ɗaurin auren da safe na biya Tsafe in ɗauko mussa. Inna ta miƙo mini buhu.

"Sa ta ciki ka ɗaure baki. Kuma kak ka ba ta komi sai kun isa."

"Inna, masara ce da zan sa ta a buhu?"

"To, mai mota. Allah shi kiyaye hanya."

Ni ina da nawa tsarin (ai ni ne gwanin tsabta). Na shimfiɗa tsohon zane a kujerar baya, na sauke gilashi kaɗan, sannan na cika mata ciki da kindirmo don ta yi barci. Har yau ina ganin dabara ce mai kyau, hanya ce kawai ba ta ba ni haɗin kai ba.

Kafin mu iso Gusau ta bar zanen ta shige ƙarƙashin kujera. Na tsaya ƙofar shago don in sauke ta, na yi kira, na yi lallashi, na zura hannu ta yakushe ni. Lokaci na tafiya. Na ce to zauna nan, na naɗe zanen na jefa a but, na fesa turare na kama hanyar Bunguɗu.

Alhaji ya fito cikin farar shadda wadda ta sha bugu, sai ɗaukar ido take. Ya zauna a baya, ya shafa kujera, ya shaƙi iska.

"Malam, wagga mota kamar ba a taɓa shiga ba."

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda sai da izini."

Hanyar masallacin duk ramuka ce. A rami na farko na ji wani ɗan kuka daga ƙasa, sai na ƙara muryar rediyo. Muna isowa, jama'a ta dabaibaye motar, maroƙi ya soma wasa Alhaji, wani ya yi sauri ya buɗe masa ƙofa. Daidai nan mussa ta fito, ta haye cinyarsa, ta gantsare, ta mayar masa da kindirmon Tsafe gaba ɗaya a kan aikin rigar.

Maroƙin ya yanke kirari a tsakiya.

"Mi na wanga?" in ji Alhaji, hannuwansa a sama.

Abin da ya fito daga bakina (Allah ya gani ban shirya ba) shi ne: "Alhaji, kindirmo ne mai kyau, na safe."

Dariya ta ɓarke har cikin sahu. Wani ƙanen Alhaji ya cafko mussa ta ƙeya zai wurga ta kwata. Na fito na riƙe hannunsa.

"Ajiye ta. Ni na ba ta, ni na tuƙo ta."

Alhaji ya dube ni. "In kana son ciniki, bar shi shi jefar da ita, in huce."

Kunya ta gama rufe ni, gumi har cikin takalmi. Amma na ce masa mota ce ta sayarwa, mussa ba ta cikin ciniki. Na karɓe ta na rungume, gashinta duk a rigata. An ɗaura auren ɗan, Alhaji yana sanye da rigar aro wadda ba ta kai masa gwiwa ba, ni kuwa ko goro ban tsaya karɓa ba.

Washegari na zuba toka a inda ya jiƙe a kujerar baya, na wanke da sabulu, na turara kujerun. Daga baya wata malamar asibiti ta sayi motar, mai yawo da karenta a gaba, ko shinshinawa ba ta yi ba. 'Yan'uwana dillalai har yanzu Mai Mussa suke kirana, ina kuma amsawa.

Da na ba Inna labari, buhun kawai ta sake miƙo mini. Ban karɓa ba. Kwando mai murfi na saya, kuma na koyi darasina: ba a ba mussa kindirmo kafin tafiya, ba a kuma ɗaukar mai farar shadda a motar da take ciki. Sai dai ya nemi tasa motar.