Rasuwar Zalɓe Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalma masu cike da yashi, ni Wan Rosdi bin Wan Embong, mai gyaran injin jiragen kamun kifi a ƙauyen Batu Rebah, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ma waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar madogarin kyamarata mai ƙafa uku, wanda aka fi sani da Zalɓe. Ya rasu da hudowar rana, a bakin aiki, a gaban gidan Mak Long Sepiah, yayar mahaifiyata, bayan doguwar jinya da gajeriyar igiyar ruwa.

Ba a san ranar haihuwarsa ba. Na saye shi a hannun wani mai ɗaukar hoton biki, wanda ya rantse mini cewa bai taɓa faɗuwa ba, kuma na yarda, duk da lotsawar da ke wuyansa. Sunan Zalɓe kuwa Pak Su Deraman ne ya raɗa masa, autan su mahaifiyata, masunci, ranar da ya fara ganinmu tsaye cikin ruwa har idon sawu.

"Kai Rosdi, wannan zalɓen naka me yake kamawa?"

Na ce haske.

"Madalla. A soya mana da rana, mu ci da shinkafa."

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai kamewa, marar shiga abin da ba ruwansa. Aikinsa ɗaya ne a duniya, kada ya motsa, kuma ya riƙe shi da amanar da ban taɓa gani a wurin ɗan Adam ba. Nakan rufe idon kyamara da baƙin gilashi, in bar shi a buɗe minti biyu ko fiye, haske yana shiga kaɗan-kaɗan. Duk abin da ya tsaya cak sai ya fito a hoto. Duk abin da ya motsa sai ya narke. Igiyar ruwan da za ta iya kifar da jirgi sai ta kwanta lumui kamar madara a kwano. Babu wanda ya koya mini wannan, da ɓata hotuna na koya, kuma marigayi bai taɓa yi mini gori ba.

Ba shi da yawan magana. Kalmominsa uku ne, ƙyas, ƙyas, ƙyas, idan na ɗaure masa ƙafafu da asuba. A shekarunsa na ƙarshe ya ƙara ta huɗu, wata doguwar ƙiii daga ƙafar hagu, wadda na ɗauka tsufa ne, matata Che Rohaya kuma ta ce neman saki ne.

Tunda ba a faɗin aibin mamaci, zan kawo abin da ke tafe a matsayin tambaya kawai. Kowace safiya masunta suna ratsawa ta gabansa, taru a kafaɗa, suna tura jirage, suna zagin injin da na gyara musu. Babu ko ɗayansu a hoto. Dutse ya fito. Kututturen kwakwa ya fito. Wata karyayyar kujerar roba da aka yar ta fito, har da kwarjini. Wato a shari'ar marigayi, mai aiki babu shi, mai zaman banza ne ke shiga tarihi. Amma kuma bai ƙara komai daga aljihunsa ba, duk hasken da ke hoton ya zo da gaske. To wanda ya tara gaskiyar minti biyu ya dunƙule ta, har ta zama abin da ido bai taɓa gani ba, me sunansa? Na kai wa limaminmu Tok Imam wannan tambaya. Ya ce in fara tsayawa a gama addu'a bayan sallar asuba maimakon in fita da gudu da takalmi ɗaya, sannan mu tattauna.

Babban abin alfaharin rayuwarsa shi ne hoton da ya ci gasa aka buga shi a kalanda: bakin tekunmu da hudowar rana, ruwa shiru, sama kamar an shafa mata lalle, babu ko kare. Mutanen birni sun ce yana sa su natsuwa. Mu da tekun ya cinye mana layin kwakwa na gaba, da filin ƙwallo, da rijiyar bayan masallaci, mun taya su murna.

Da ruwa ya fara lasar matakalar kicin ɗin Mak Long, sai ƙauye ya tashi wakilai zuwa wani ofishi a birni, a roƙi katangar duwatsu kafin damina mai zuwa. Aka tafi da ni saboda ina da riga mai dogon hannu. Jami'in ya karɓe mu da fara'a, ya saurare mu, sannan ya juya ya nuna bangon bayansa. Ga kalandar nan a rataye.

"Ba bakin tekunku ba ne wannan?"

Muka ce shi ne.

"To ai ni nan nake kallo idan aiki ya dame ni. Ruwa kamar an yi masa guga. Kuma ban ga mutum ko ɗaya ba. To wa katangar za ta tsare?"

Pak Su ya miƙe ya dangwala yatsa a tsakiyar hoton. "Ranka ya daɗe, ina nan! Nan ɗin nan! Da taruna da tarina, sau biyu na wuce, har na taka wa yaron nan jaka!"

Jami'in ya matso, ya gyara tabarau, ya ce shi dai ruwa yake gani. Aka nuna masa hotunan waya, igiya tana dukan gidaje. Ya ce kowane teku yana da ranar fushi, kowa kuma yana iya ɗaukarsa a ranar, amma wannan aikin gwani ne, har da lambar yabo. Idan gwanin ya kawo wani, daga wuri ɗaya, da irin wannan aikin, wanda ya nuna akwai mutane, zai sa a gaban kwamiti a ƙarshen wata. A mota babu wanda ya yi mini magana, sai Pak Su da ya roƙi direba ya tsaya a duba ko ina ciki, tunda shi bai ga kowa a kujerata ba.

A lokacin nan, jinya ta riga ta ci ƙarfin marigayi. Gishiri ya shiga gaɓoɓinsa, tsatsa ta kama makullan ƙafafu, yashi ya zauna masa a gwiwa. An gwada man inji, an gwada man kwakwa, an gwada ruwan zafi. Che Rohaya ta ba da shawarar bola.

"Abang, maigidana, ƙarfen nan ya fi ni ganin fuskarka da safe. Ka bar shi ya huta, mu ma mu huta."

Duk da haka ya fita aiki ranar Talata. Na kafa shi a gaban gidan Mak Long, daidai inda ya tsaya ranar kalanda, sai dai wurin da ya kasance busasshen yashi yanzu ruwa ne har ƙwauri. Na buɗe idon kyamara. Igiya ta zo, ya daure. Da za ta koma sai ta tafi da yashin da ke ƙarƙashin ƙafar hagu. Ya ce ƙiii, ya durƙusa a hankali kamar mai neman gafara. Hannuna ɗaya ne a kusa, su kuwa biyu ne, shi da kyamara. Na cafki igiyar kyamara. Har yau ina tambayar kaina ko adalci ne a ceci mai tsada a bar mai aminci, kuma har yau amsar da nake samu ita ce farashin kyamara.

Da hantsi teku ya dawo mana da ƙafa biyu da rabi. Hotonsa na ƙarshe ya fito a karkace, gidan Mak Long yana zubewa cikin ruwa, sama tana ƙasa. Shi ne karo na farko da ya motsa a bakin aiki, kuma shi ne hoton da ya fi kama da garinmu. Jami'in ya ce ya yi dishi-dishi.

Ya rasu ya bar kyamara ɗaya, wadda ba ta zubar da hawaye ba, da baƙin gilashi mai tsaga a gefe, da jaka mai warin kifi, da ni. Ya kuma bar Mak Long, wadda ta ce ba za ta tashi daga gidan da ta wanke gawar mijinta a ciki ba, ko da za ta riƙa dafa shinkafa a tsaye cikin ruwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar asuba, a bakin ruwa, gaban gidan Mak Long. Tok Imam ya ce ba ya sallatar ƙarfe, amma zai zo ya tsaya. Ga abin da ake nema a wurin kowa. Ana roƙon masunta su jinkirta fita, mata su bar tukwane, a fito da tsofaffi, a ɗauko jarirai masu barci, masu kuka a bar su a gida. Za a ɗora kyamara a kan akwatin ƙanƙara, a tokare ta da buhun shinkafa, a buɗe idonta minti biyu, sannan a kai abin da ya fito gaban kwamiti. Bayan haka za a ɗaure ragowar marigayi a ƙarƙashin matakalar kicin ɗin Mak Long, ya ci gaba da abin da ya iya.

Ba a karɓar gudummawa. Ba a ɗaga hannu, ba a susa, ba a korar sauro. Pak Su ya yi alkawarin barin taba da tari, ya ce in wannan karon ma bai fito ba, ni zai kafa a ruwa ya ɗora mini kyamarar a ka. Igiya za ta zo ta janye yashi daga ƙarƙashin ƙafafunku, ku daure. Duk wanda ya motsa, a wurin hukuma ba a taɓa haihuwarsa ba. Marigayi ya yi shekaru yana wannan tsayuwa da ƙafa uku. Ku biyu gare ku, amma minti biyu kawai ake nema.