Harshena da man motar Zali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raka autata Zali sayen man mota a Dogon Dutsi. Ko na so in manta, mutanen garaji ba za su bar ni ba.

Ku fara sanin ko ni wace ce. Shekara arba'in ina matsar man gyaɗa a Kore Mairuwa. Ban yi lakwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba, amma in gardamar mai ta tashi a kasuwa, ni ake kira. In murza shi a yatsa, in shinshina, in ɗora a harshe, sai in faɗi ko an sirka shi. Ban taɓa kuskure ba (har zuwa ranar nan).

Zali ungozoma ce ta likita, da motarta take zuwa ƙauyuka wajen masu naƙuda. Lokacin juye man inji ya yi, abin da suke ce ma bidanj. Na ce ba za a sayi mai ina gari ban duba ba.

Mai kantin wani saurayi ne mai gemu. Zali ta buɗe littafin motar, shi ya jawo bidon, wato jarkar man, suka yi ta karanta ma juna lambobi da Faransanci.

"Wannan ne, Madam," in ji shi. "Sintetik ne, lambarsa ta yi daidai da wadda maƙeran motar suka rubuta."

Na ce a tsiyaya mini a murfi. Na murza. Tsararo, kamar romon da aka ƙara ma ruwa don baƙi.

"Ɗana," na ce, "da gemunka? Wannan an sirka shi. Ba mu wancan mai kaurin."

"Inna, wancan na tsofaffin manyan motoci ne. Wannan injin hanyoyinsa ƙanana ne, mai kauri ba ya zagawa da wuri, sai injin ya ci kansa."

"To daga me aka matso shi?"

"Ba matsa shi ake ba, Inna."

Nan kaina ya kulle. Man da ba a matsa ba, ba kauri, kuma wai takarda ce ke shaidarsa? Bakanikai da masu kabu-kabu sun fara taruwa. Zali tana ja mini gyale: "Inna, don Allah ki bari." Ni kuwa ina ganin sunana ne a ƙasa, kuma motar ɗiyata za a kashe a daji da mai naƙuda a ciki.

Sai na yi abin da na iya. Na lakato, na ɗora a harshe.

Ɗaci, ƙauri, da wani santsi da ya bi haƙoran da suka rage mini. Na tofa, na goge da gyale, na sake tofawa. Wani tsohon bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Hajiya, ya ji gishiri, ko a ƙara?"

Saurayin bai yi dariya ba. Buta ya miƙo mini cikin ladabi, abin da ya fi dariyar ciwo.

Aka zuba man nasa. Motar tana nan lafiya lau. Labari kuwa ya riga ni isa Kore Mairuwa, yanzu duk ranar kasuwa sai direba ya tsaya gaban kwanon man da nake sayarwa ya ce, "Inna, bidanj ta yi, a ɗanɗana mana."

Har yau ban gane yadda tsararo ya fi mai kauri ba. Abin da na gane shi ne, in Zali ta buɗe littafin nan, ni bakina nake rufewa. Ina ma a ce tun ranar na rufe shi.