Ranar da Aka Sauko da Gwaggo daga Tudu

Duk wanda ya bi hanyar Beri daga Kontagora bai tsaya ya gaida Injiniya-Janar Salahuddeen ba, to ya yi asarar tafiya. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin inji ba tare da baƙin mai ya taɓa shafar hannunsa ba. Tun daga titi za ka hango shi, babbar riga fara ƙal, hular zanna a kai, a bisa zannar kuma ga hular kwano irin ta ma'aikata tana reto. Ilimin injiniyancinsa ya samo shi ne a wani taron bita na kwana uku a Minna, inda aka ba su shinkafa da takardar shaida. Shinkafar ya cinye ta a can. Takardar kuwa tana nan cikin gilashi a ofishinsa, wanda asalinsa kan wata gingimari ne da aka ciro aka ɗora a bisa bulo. A nan yake zama a kujerar direba, hannu ɗaya a kan sitiyarin da ba ya juya komai, yana mulkin jama'a ta taga.

Filin da yake mulka ba ƙarami ba ne. Tsofaffin manyan motoci ne jibge, da katafila biyu da ciyawa ta tsiro a cikinsu, da gireda mai gyaran hanya marar taya, da injin ɗaga kaya mai yatsu biyu, da tulin ƙarafan da sai an tambayi dattawa kafin a san abin da suke a da. Filin ba nasa ba ne, na yayarsa ne Hajiya Saudatu, gadon mijinta. Ganin ƙaninta ya shekara yana zaman majalisa yana gyara wa gwamnati kurakuranta da baki, sai ta ce ya zo ya riƙe mata wurin a matsayin manaja. Ya karɓa, amma ya ce sunan manaja ya yi masa kaɗan, masu gidan biredi ma suna da manaja. Da kansa ya naɗa kansa Injiniya-Janar. Ma'aikata kuma, don kada a ce ba su ba da gudummawa ba, suka ƙara masa da Hula-Biyu, amma wannan sai ya ba da baya ake faɗa.

A ce ba ya aiki, an zalunce shi. Kowace safiya yana zagaya filin, hannuwa a baya, ya tsaya gaban matacciyar katafila ya ƙwanƙwasa ta da ƙafa, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane matsalarta." Shekara biyu ke nan yana gane matsalarta, bai gaya wa kowa ba tukuna.

Wanda ke shiga ƙarƙashin motocin dai Markus ne, tsohon bakanike ɗan Zugurma, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu a filin tun zamanin marigayi. Shi ne ya san yadda abubuwa ke tashi a wurin, kuma yadda suke tashi ba abin da za a koyar a Minna ba ne. A can saman tudu, daf da ƙofar shiga, akwai wata tsohuwar tifa da ake kira Gwaggo. Mummuna ce ta ƙarshe. Ƙofarta ɗaya da igiya aka ɗaure, fitilarta ɗaya ta tsiyaye, kuma abin tashinta ya mutu tun da daɗewa, ko ka murɗa makulli sai dai ka ji shiru. Don haka kullum a kan tudu take kwana, hancinta na kallon gangare. Da safe direbanta Husaini ya hau, a sake ta ta gangaro, ya saka giya ya saki kuloci, sai ta yi tari uku ta kama. In Gwaggo ta kama, to filin ya waye, domin daga jikinta ake jona waya a ba sauran wuta, har da feloda, babban injin nan mai cokali da ke loda ƙasa, wanda shi kaɗai ne ke ciyar da gidan. Batiran kowa sun gaji, ita ce ke tashin kowa. In an tashi aiki kuma, ita ce ta ƙarshen kashewa, kuma a kan tudunta.

Sau uku Markus yana kawo maganar a saya wa Gwaggo abin tashi. Sau uku ana sayo fenti. Injiniya-Janar mutum ne mai hangen nesa, ya san baƙo ba ya leƙa cikin inji, launi yake gani.

Ana nan sai ga labari cewa ƙungiyar wasu manoma ta wajen Kaboji na son hayar feloda da tifa su cike hanyarsu da jar ƙasa kafin damina ta zauna, kuma za su turo injiniyarsu, wata mai suna Ruth, ranar Asabar ta ga injin da idonta. Hajiya Saudatu ta kira ƙaninta har gida. Ita ba mai dogon zance ba ce.

"Salahu, shekara biyu ina jin labarin iyawarka daga bakinka. Ranar Asabar zan zo in gani. In baƙuwar nan ta iso ta tarar da feloda a kwance, kujerar nan ka gama zamanta."

Ya yi dariyar manya, ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ranar Asabar za ki san wa kika ajiye."

Sai aka yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, ya danganta da wanda ka tambaya. Surukin Markus ya rasu a Zugurma, dole ya tafi ranar Alhamis. Kafin ya hau babur ya tsaya gaban tagar ofis ya ce, "Oga, zan dawo Asabar da safe. Komai na gyara. Abu ɗaya kawai, don Allah kar a taɓa Gwaggo." Injiniya-Janar ya ɗaga masa yatsa biyu daga kan sitiyari, alamar an ji, a wuce.

Ranar Juma'a da hantsi ya tara ma'aikata gaba ɗaya, su biyar, ya hau kan tsohuwar tayar gireda don kowa ya gan shi.

"Jama'a," in ji shi, "a ƙasashen da suka ci gaba, inji ba ya kwana inda ya ga dama kamar akuya. Akwai abin da ake kira tsari. Gobe wata abokiyar aikina, injiniya irina, za ta zo. Me za ta fara gani a ƙofa? Wannan gawar?" Ya nuna Gwaggo da baki. "Ba a zamanina ba. Yau za a jera injina a ƙasa, daga babba zuwa ƙarami, kowa yana fuskantar ofishina. Wannan kuwa a kai ta bayan mangwaro inda ido ba zai kai ba."

Aka saki Gwaggo, ta yi tarinta ta kama. Aka jona wa feloda, aka jona wa mai yatsu biyu, har da wata tarakta da ta yi wata uku ba ta motsa ba. Aka jera su reras, aka kashe, aka shafe su da fenti ruwan ɗorawa har tayoyi. Gaskiya sun yi kyau. Ni kaina da na wuce sai da na rage tafiya. Daga nan Husaini ya ja Gwaggo zuwa bayan itatuwan mangwaro, can cikin kwari, wurin da ya fi ko'ina ƙasa a filin. Ya tsaya, injin na ci, hannunsa ya ƙi zuwa wajen kashewa.

"Ranka ya daɗe, in na kashe ta a nan, ina za ta gangara gobe?"

"Kai ne injiniya ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Amma Baba Markus ya ce..."

"Markus yana da takarda? Kashe ta."

Husaini ya kashe ta. Ya ce tun da yake bai taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Da la'asar kuma hadari ya haɗo, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk ruwan filin ya bi hanyarsa ta kullum ya taru a ƙarƙashin Gwaggo.

Asabar ta waye tangaran. Injiniya-Janar ya iso cikin sabuwar shadda, ya goge hular kwano da hannun riga, ya ba da umarni a tayar da feloda ta yi ɗumi kafin baƙi. Aka murɗa makulli, ta ce ƙyas, ta yi shiru. Aka koma kan mai yatsu biyu, shi ko ƙyas ɗin ma bai yi ba. Ma'aikata suka yi cirko-cirko suna kallon wajen mangwaro.

Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya sa aka matso da ƙaramar motarsa, ya ce shi da kansa zai jona waya, yau za su ga abin da ake kira ilimi. Ya naɗe hannun riga, karon farko a tarihin filin, ya ɗauki jar waya ya kai inda baƙa take. Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi, gefen shaddar ya samu ƙofa. Feloda ba ta tashi ba, motarsa kuma ta bi sahu. Jerin injinan da ke fuskantar ofis ya samu ƙarin mutum ɗaya.

A haka Markus ya iso. Ya sauka daga babur, ya dubi tudu ya ga wayam, ya dubi jerin ruwan ɗorawa, ya dubi Husaini. Husaini ya nuna masa kwari. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu kamar an sake yi masa wata rasuwar.

"Oga, abu ɗaya fa na roƙa."

"Markus, yanzu ba lokacin tone-tone ba ne. Matsala ce ta fasaha. Me kake ba da shawara in amince da shi?"

Gumi ya riga ya jiƙa zanna, yana bin gefen kwano yana ɗiga. A karon farko na ji tausayinsa, don ya san abin da ke tafe a hanya, kuma ya san yayarsa ba ta maimaita magana.

Suka gwada turi, mutum shida, Gwaggo ko gezau, tayoyinta sun nutse a laka. A filin da ke cike da injinan da aka ƙera don jan duwatsu, babu guda ɗaya da zai ja ta, don duk ita suke jira. Markus ya tsallaka shinge ya shiga gonar maƙwabcinsu Bitrus, wanda ke huɗa da shanunsa tun sassafe. Jim kaɗan sai ga su sun dawo da bijimai huɗu da sarƙa. Bitrus yana tafe yana dariya har yana riƙe ciki, yana cewa shi dai a rubuta a ajiye, yau shanunsa sun samu aiki a kamfani.

Aka ɗaura sarƙa, aka zuba duwatsu da itace a ƙarƙashin taya. Bijimai suka ja, mutane suka tura, Gwaggo ta motsa taku ɗaya ta tsaya. Markus ya waiwaya ya ce, "Saura ƙarfin mutum ɗaya. Oga, sai ka sa hannu." Injiniya-Janar ya dubi titi, ya dubi lakar, ya dubi shaddarsa. Ya tattare riga ya shiga. Wurin da ya rage masa kuwa daidai bayan taya ne.

Suna tsakiyar hawan tudun, laka ta yi masa fenti daga gemu har gwiwa, takalminsa ɗaya ya zauna a kwari, sai ga mota ta shigo. Hajiya Saudatu ta fito, Injiniya Ruth ta fito. Baƙuwar ba ta zo da hular kwano ba, tsohon takalmin roba ne a ƙafarta da ɗan littafi a hannu. Suka tsaya a inuwa suna kallo har aka kai Gwaggo saman tudu aka juya hancinta. Husaini ya hau, aka sake ta, ta gangaro, ta yi tari uku ta kama. Markus ya ja waya da gudu ya jona, feloda ta yi gurnani ta turnuƙe wurin da hayaƙi, ta ɗaga cokalinta sama.

Ruth ta zagaya injin, ta saurari ƙararsa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta yi wa Markus tambayoyi huɗu ya ba ta amsa huɗu. Ta ce injin lafiyarsa lau, batir ne kawai da abin tashin tifa, a gyara su kafin Laraba.

Injiniya-Janar ya ga dama ta samu. Ya gyara hular kwano, ya matso da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, ya buɗe murya.

"Kamar yadda kika gani, abokiyar aiki, wannan shi ne tsarin da na ɓullo da shi, na haɗa fasahar zamani da ta gargajiya, domin a ƙasashen da suka..."

Ruth ta dube shi sama da ƙasa cikin ladabi, sannan ta juya wajen Hajiya.

"Mama, da wa zan yi maganar aiki? Wane ne manajan wurin?"

Hajiya Saudatu ta nuna Markus da carbinta ta ce, "Ga shi nan."

"To wannan bawan Allah fa?"

Hajiya ta ɗan dubi ƙaninta, laka na ɗiga daga gemunsa.

"Wannan? Ƙanena ne. Ya zo taya mu turi."